Fitilu Biyu na Ɗakin Ƙarshe

Litinin, 3 ga Maris

Sun iso. Auta da jaririyarta, da akwatuna uku da bahon wanka. Alhamdulillahi. A wurina za su zauna har mijinta ya dawo daga aikin da aka tura shi, wata shida ke nan. Ina da jika a gida. Bari in sake rubutawa in ga yadda yake a takarda: ina da jika a gida.

Watanta biyu. Na ce ai na yi amarya, Auta ta ce to ango ya fara koyon canza kunzugu. Ta kama mini ɗan yatsa ta ƙi saki, har shayina ya huce.

Sharaɗi ɗaya ne. Auta a kwamfuta take aiki daga gida, kullum sai ta yi taro da shugabarta ta bidiyo. Bangon gidan nan kauri gare shi, intanet ɗin falo ba ya ratsa shi. In babu layi mai ƙarfi, dole ta koma wurin surukarta a can ƙarshen gari, mota biyu daga nan. Na ce a bar ni da wannan.

Na sauke su a ƙaramin ɗaki. Ta dubi ƙofar ɗakin ƙarshe, na marigayiya mahaifiyarta, ta kau da kai. Ni ma haka. Wata goma sha huɗu ke nan yana kulle, makullin a aljihuna.

Laraba, 5 ga Maris

Dogo ya zo da tsani da naɗin waya. Benci ɗaya muka zauna da shi a ajin yamma, ni da furfurata, shi da ƙaton kansa yana leƙen lissafina. Yau shi ne gwanin haɗa layi, har yana ce mini ɗalibi.

Ya kafa wani baƙin akwati a bangon baranda, tsawonsa bai kai tafin hannu biyu ba. Suwic sunansa. Baki takwas gare shi, kowane baki da 'yar fitilarsa. Baki na ɗaya yana karɓar layi daga na'urar falo, sauran su raba wa ɗakuna. Ya ce kowace kwamfuta da lambarta, akwatin yana haddace wa ke kan wane baki, kamar tsohon ɗan aike da ya san ƙofar kowa. In bai san inda zai kai saƙo ba, sai ya yi shela ta duk bakunan.

Na tambaye shi amfanin fitilun. Ya ce, “Fitila ba ta kamawa sai akwai mai amsawa a ɗaya ƙarshen wayar. In duhu ne, babu kowa.”

Tunda an buɗe silin, ya ce a ja wa kowane ɗaki, ɗakin ƙarshe ma a ba shi biyu saboda girmansa. Ya nemi makulli. Na ce ya zuro wayoyin ta sama, ni zan haɗa soket ɗin da kaina. Ya dube ni, sai ya zauna ya koya mini jerin launukan, na rubuta: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ya ba ni wata gajeriyar waya in gwada bakin soket ɗin da ita, in ji ta ce ƙas.

Wayoyin ɗakin, bakwai da takwas, ya bar su suna reto a ƙarƙashin akwatin. Ya ce babu amfanin sa su tunda babu kowa a ciki.

Alhamis, 6 ga Maris

Na shiga. Na haɗa soket biyun, suna dab da juna kusa da gadonta. Ban dubi ko'ina ba sai bango. Ƙamshin man shafawarta yana nan. Na kulle na fito, kaina kamar ba nawa ba.

Asabar, 8 ga Maris

Layi ras. Auta ta ce ko a ofis ba ta samu irinsa ba. Amarya ta yi mini murmushi, uwarta ta ce iska ce ke murɗa mata ciki. Hassada ce.

Litinin, 10 ga Maris



Da hantsi ina shara a baranda, sai wayoyin nan biyu suka tsaya mini a ido. Mutuniyar, uwar Auta, ba ta ƙaunar ganin abu yana reto, ko igiyar shanya sai ta naɗe ta ɗaure. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, na ɗauki halin. Na tura bakwai a bakinta. Duhu. Na tura takwas.

Suka kama, duka biyun. Kore shar, gefe da gefe, kamar ido.

Na tsaya da tsintsiya a hannu. Sai sauran fitilun suka ɗauka, dukansu suna ƙiftawa tare da sauri, irin bugun zuciyar wanda ya sha gudu. Na juya na dubi ƙofar ɗakin. A kulle. Na taɓa aljihu, makulli yana nan.

Auta ta ɗaga murya daga ciki cewa layi ya ɗauke. Na zare su da sauri. Kafin ta fito ya dawo.

Babu kwamfuta a ɗakin nan. Ko rediyo babu.

Talata, 11 ga Maris

Na gwada da suna barcin rana. Bakwai ita kaɗai, duhu. Takwas ita kaɗai, duhu. Biyun tare, sai su buɗe.

Lokacin da nake zuwa aji, mutuniyar ce ke barin fitilar tagarta a kunne, tun daga bakin titi nake hango ta. Ita ta tura ni ajin ma. Ta ce ta gaji da auren mutumin da ke dangwala yatsa a takarda.

Ban ce ita ce ba. Ina da hankalina, kuma na san inda muka kai ta. Abin da na gani kawai nake rubutawa.

Laraba, 12 ga Maris

Na sa su minti goma. Na jawo kujera na zauna a gabansu. Na ce an samu jika, hancinki ta ɗauko. Suka yi ta ƙiftawa.

Ashe Auta ba barci take ba, tana tura wani aiki ne, ya katse a tsakiya. Ta kira kamfanin layi ta yi musu tatas. Ina jin ta, ban faɗa mata ni ne ba. Allah Ya yafe mini.

Alhamis, 13 ga Maris

Na ce yau ba zan taɓa ba. Na taɓa.

Iska mai sanyi tana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar, har ina jin ta a idon sawu. Ƙila dama tana fitowa, ban taɓa zama a nan ba ne.

Juma'a, 14 ga Maris

Na yi ɓarna.

Bayan azahar na sa su na zauna, barci ya sace ni a kujera. Auta tana da babban taro ƙarfe uku, tun Litinin take shirinsa, ni kuma na sani. Na farka na gan ta tsaye a kaina, Amarya a kafaɗa tana tsala kuka, fitilun suna rawa a bango. Taron ya wuce. Shugabarta ta ce wannan ne karo na ƙarshe.

Ba ta san abin da take kallo ba, sai ta kira Dogo. Yana zuwa ya zare takwas da yatsa biyu, komai ya lafa. Ya tambaye ni wa ya sa waɗannan. Na ce ni ne. Ya tambaye ni me ke cikin ɗakin. Na ce babu komai, kuma sun kama, kuma shi da bakinsa ya ce ba sa kamawa sai da mai amsawa.

Na zaci zai yi dariya. Bai yi ba. Ya ja ni gefe ya ce akwai abin da ya haɗa soket biyun nan a ciki. Saƙo yana fita ta bakwai, ya zagayo ya shigo ta takwas. Akwatin ya ɗauka sabo ne, ya sake shelarsa, ya sake dawowa, har hanya ta cushe babu mai wucewa.

“Muryarsa yake ji, Tsoho. Shi ke kira, shi ke amsawa.”

Na ce ban haɗa komai ba. Ya ce to a buɗe a gani. Na ce a'a. Ya naɗe kayansa, ya ce in dai ban ƙara sa su ba babu abin da zai faru, ya tafi bai ko tsokane ni ba.

Auta ta ji komai. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Tana jijjiga yarinya ta tambaye ni sau nawa. Na faɗa mata gaskiya. Ta ce ta riga ta yi waya da surukarta, jibi za su tafi. Na rantse ba zan ƙara ba.

“Za ka ƙara, Baba,” ta ce. “Ni ma uwata ce. Amma ba zan reni 'yata a gidan da ake gadin ƙofa ba.”

Asabar, 15 ga Maris

Tun safe take ninke kaya. An kife bahon wanka a kan akwati. Na ɗauki Amarya na zagaya da ita tsakar gida, ta yi mini tumbuɗi a wuyan riga, na ƙi gogewa.

Da na wuce ta baranda, hannuna ya kai kan takwas da kansa. Da jika a kafaɗata. Auta ta yi gaskiya.

Na kira ta, na miƙa mata yarinyar, na ciro makulli. Sau biyu yana kuɓuce mini. Na ce ta tsaya a bayana.

Ɗakin yana nan yadda yake. Takalmanta a jere, tabarau a kan littafin da take duba mini aikin gida da shi. Gilashin taga ɗaya ya tsage, ta nan iskar take shigowa. A gefen gado kuwa, ga gajeriyar wayar da Dogo ya ba ni, kai ɗaya a wannan soket, ɗaya a wancan.

To. Ni ne ke nan. Na gwada baki ɗaya, na ga ɗaya kan yana reto, na tura shi a na kusa. Haka ya kamata a ce ya faru. Ban tuna ba, amma ranar ban san inda kaina yake ba.

Sai dai tsakiyar wayar a naɗe take, zagaye uku, an ɗaure da ƙyallen tsohon ɗankwali. Ɗaurin nan na mutuniyar mai kunne ɗaya, na bahagon hannu.

Auta ta durƙusa ta daɗe tana kallonsa. Ta ce a hankali, ashe na iya ɗaurin Mama. Na ce zama tare ne.

Ni na zare wayar. Ta ce ƙas, ƙaramin sauti, bai kai komai ba. Na fita baranda na tura bakwai da takwas. Duhu. Na tsaya har ƙafata ta gaji. Duhu.

Da na dawo, Auta ta zauna a bakin gadon tana shayar da yarinya, hawaye yana zuba, ta buɗe taga. Na tambaye ta ko teburinta zai shiga tsakanin gado da bango. Ta ce sai an gwada.

Lahadi, 16 ga Maris

Ya shiga. Ba su tafi ba.

Talata, 18 ga Maris

Dogo ya zo ya duba soket ɗina, ya ce launi ko ɗaya ban kuskure ba. Na ce dama wa ke leƙen wa a aji. Ya ce akwai irin akwatin da ke gane zagaye ya toshe baki ɗaya da kansa, ko a canza mini. Na ce a bar wannan, mun saba.

Da na kaɗaice na ɗauko ƙyallen na gwada ɗaurin. Sau biyar, da dama da hagu. Bai yi ba. Na mayar da shi aljihun tebur tare da wayar. Ba zan faɗa wa Auta ba, ba kuma zan sake gwadawa ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Kwana tara ban yi rubutu ba, Amarya ba ta barin mutum. Ta fara dariya mai sauti. Yanzu kunzugu a minti biyu nake canza shi, uwarta ta ce saura in daina toshe hanci.

Bakwai tana kore tun safe har la'asar, kwamfutar Auta ce. Takwas duhu. Ba na tsayawa a wurin, sai dai in shara ta kai ni. Kujerar ma an mayar da ita falo, ban san wa ya ɗauke ba.

Ƙamshin man ya tafi. Yanzu ɗakin hoda yake yi da nono. Na zaci abin zai dame ni fiye da haka.

Da rana na laluba aljihu ban ji makulli ba, na zazzage riguna uku. Auta tana kallona tana dariya. Ta ce tun ranar da muka buɗe yake jikin ƙofa.

Na bar shi a nan. Gobe mai gilashi zai zo.