Ranar da Na Manta da Umma a Asibiti

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan ke da maigidanki da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Ya tarin ƙaraminku, ya lafa?

Umma tana samun sauƙi. Hannun dama bai dawo ba tun shanyewar jikin, amma ta fara riƙe cokali da hagu. Kullum sai na yi mata wanka, na ba ta magani, sannan in ruga makaranta in tarar ɗalibaina sun mai da aji kasuwa.

Kin tambayi jikina. Da sauƙi, sai abin da ba a rasa ba. Kafaɗuna kamar an ɗora mini buhu, abinci kuma ba na iya ci sosai. Likitan haƙori ya ce cizon haƙora nake yi cikin barci, har ɗaya ya tsage. Ko ƙararrawar makaranta aka kaɗa sai gabana ya faɗi. Kada ki damu, zai wuce.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ki zauna kafin ki karanta wannan.

Shekaranjiya na kai Umma asibiti. Na zaunar da ita a benci, na tafi karɓo magani. Daga nan ban san yadda aka yi ba, sai ganina na yi a gida ina ɗora tukunya. Sai da na leƙa ɗakinta da kofin ruwa na ga gado wayam. Wallahi sai a nan na tuna, na koma asibitin a guje.

Na same ta inda na bar ta, ma'aikaciyar jinya na tsaye a kanta. Na durƙusa ina kuka. Umma ba ta yi faɗa ba. Hannuna ta kama da hannunta mai lafiya, ta ce wa ma'aikaciyar, "'Yar nan, ƙyale ni, wannan za ki duba."

Aka gwada ni, jinina ya hau. Likita ya ce idan jiki ya daɗe a firgice ba hutu, ƙwaƙwalwa ma takan fara zubar da kaya a hanya. Rai dangin goro ne, in ji shi.

Na san ke ma da naki nauyin, shi ya sa na yi ta ɓoye miki. Amma na gaji, Yaya. Ki zo, ko na mako biyu ne. Umma tana gaishe ki, ta ce in gaya miki ba jinyarta za ki zo ba.

Taki har kullum,
Auta