Ƙullin Bahago a Gonar Kakanka

Zuwa ga jikana Tilen,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da manyan kunnuwan nan naka da na ji an ce sanyin Kanada bai rage musu komai ba. Allah ya tsare ka a wannan aiki naka na hawa rufin gidajen mutane, ya haɗa ka da matar da za ta jure yawan cinka. Mu nan Haloze lafiya lau. Akuyar kawunka Drago ta haifi biyu, yana ta tinƙaho kamar shi ya yi naƙudar. Mahaifiyarka Metka ta zo daga Maribor ranar Ista, ta leƙa tukwanena, ta duba ƙwayoyin maganina, ta sake ɗauko zancen ɗakin da ta gyara mini a hawa na bakwai. Na ce mata ni ba tantabara ba ce. Amma ka san uwarka, dalili ɗaya take jira ta naɗe ni ta sa a mota.

Yanzu gyara zama, labarin fatalwa zan ba ka, kuma ba irin wanda nake ƙagawa don ka shanye miyarka ba ne. Ranar Asabar maƙwabciyata Pepca ta buga mini ƙofa da sandarta, ta ce sanyi ya tafi, mu hau tudu kafin ƙafafunmu su manta aikinsu. Na ce yaushe mai gwiwar ƙarfe ta zama jagora? Ta ce gwiwarta likita ya gyara, bakina ne ya gagari kowa. Muka ƙunshe burodi da dafaffen ƙwai da 'yar kwalbar man kabewa, muka bi ta bayan coci, muka ratsa gonakin inabin mutane har muka shiga kurmi.

Ganye ya fara toho, tafarnuwar daji ta rufe ƙasa, warinta har cikin ido. Amma kurmin ya yi shiru irin wanda ban so ba. Pepca ma, wadda ko a jana'iza ba ta rufe baki, sai satar kallona take yi. Da muka kai mararraba ta karkata hagu. Ka san inda hanyar hagu take kaiwa. Shekara uku ke nan tun da muka binne kakanka Lojze ban taka gonarsa ba. Na ja na tsaya, ta ce ai nan ya fi kusa, in daina shagwaɓa kamar amarya.

Na shirya ganin ciyawa da sarƙaƙƙiya. Tilen, an datse inabin nan tsaf. Layi bayan layi, kowane reshe an lanƙwasa shi an ɗaure a jikin waya da tsumagiyar bakin rafi, ba da igiyar roba ta 'yan zamani ba. Kuma yankan sabo ne, don kurangar tana ta zubar da hawaye, kowane baki da ɗigonsa. Babu iska, babu kowa, sai ɗis, ɗis, ɗis a kan busasshen ganye, gona guda tana kuka da rana tsaka. Na sunkuya na duba ɗaurin. Murɗa biyu ta hagu, a soke bakin ta ƙasa. Duk tudun nan bahago ɗaya ne yake wannan ƙulli, kuma ni na zaɓa masa rigar da aka binne shi da ita.

To, ka san ni. Na ce wa Pepca lallai lahira ta lalata Lojze, mutumin da bai taɓa wuce ranar Waliyyi Yusufu ta watan Maris bai gama datsa ba, ga shi ya makara da mako uku. Ba ta yi dariya ba. Can cikin kurmi sai tsuntsun nan da muke kira kuku ya yi kukansa na farko a bana. Kamar yadda kowa yake yi a nan in ya ji shi, na cusa hannu a aljihun kwat in taɓa tsabar kuɗi don shekara ta yi albarka. Ƙarfe na taɓa, amma ba kuɗi ba. Almakashin datsar inabi na kakanka ne, mai jar waya a mariƙi, da guntayen tsumagiya ɗanyu shar. Na buɗe tafin hannuna na hagu, na ga kantar da na kwana biyu ina ɗora wa murhu laifinta.

Nan Pepca ta zaunar da ni a kan dutse ta faɗa mini. Talata da Laraba da Alhamis, da hantsi, ta gan ni na wuce da damin tsumagiya a kafaɗa, ta gaishe ni ban amsa ba. Ran Alhamis ta biyo ni. Ta ce ina aiki ina hira, in yi magana, in yi shiru kamar mai sauraro, sannan in ƙyalƙyale da dariya in ce wa mutum maƙaryaci. Ta ce da hagu nake ɗaurin. Ta kawo ni ne ta ga ko zan tuna. Ban tuna komai ba, ɗana. A kaina, kwanakin nan uku ina gida ina tankaɗe. Da muka dawo na gwada ƙullin a ƙafar kujera har hannuna ya gaji, ya ƙi ɗauruwa. Ban taɓa iya shi ba, shekara hamsin kakanka yana yi mini dariya a kan haka.

To ka ji fatalwar, kakarka ce. Pepca za ta raka ni wurin likita a Ptuj ranar Litinin. Uwarka kuwa ni zan gaya mata da bakina, amma ba ni kaɗai ba, don ranar da ta ji, ranar zan koma hawa na bakwai in riƙa kallon tudun nan ta taga. Ina so kana zaune a gefena, kai kaɗai ne kake iya sa ta ta ajiye makullin mota ta saurara. Kada ka ce sai lokacin tsinkar inabi. Ka zo a watan gobe, tun ina iya gane kunnuwan nan daga nesa. Layi uku na can ƙasa ba a taɓa su ba, waɗanda kakanka yake bar maka kana yaro. Ko ni na bar su ko shi, naka ne.

Ka gaishe mini da 'yar'uwarka Urshka da mijinta mai gemun bunsuru, da ƙaramarsu Neja. Drago yana gaishe ka, Pepca ta ce ka taho mata da man shafa na gwiwa. Na ba ta almakashin ta kulle a akwatinta tun ranar Asabar. Yanzu da na laluba aljihu ina neman kan sarki, ga almakashin nan a ciki, kuma bakinsa a jiƙe.

Taka har kullum,
Kakarka Zofka