Ƙirga Goma da Tsinken Ashana

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Ruwan la'asar ya dawo. Garin nan bai san ladabin damina ba. A gida sai hadari ya haɗu, iska ta taso, mata su kwashe shanya, sannan ya sauko. Nan kuwa rana ta gasa ka har azahar, ƙarfe huɗu na yi a tuntsurar maka da sama a ka. Daidai lokacin da nake ɗauko Walida daga makaranta.

Shekarata ta biyar ke nan a ƙasar waje, a unguwar Pantai Dalam, a kan digirin da aka ce shekara uku ne. Malamina ya sake dawo mini da babi na huɗu, ja-ja-ja kamar an yanka kaza a kai. Rabin sa'ar nan da nake yi da 'yata a mota, shi kaɗai ne lokacin da ba wanda ke gyara mini komai.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na rage iskar tayoyi da safe saboda zafin nan. Matata Rufaida ta sauko zubar da shara ta same ni a tsugune. Tun da ta karɓi lasisin ƙasar nan a Janairu na samu malamar tuƙi a cikin gida. Wai matar da ta koya mata ta ce akwai lamba a jikin ƙofar direba, ita ake bi, ba a ragewa.

Na ce mata Baba ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙin haya tsakanin Kano da Maiduguri, taya ba ta taɓa fashe masa ba. Duk bazara a gabana yake yi a tasha: tsinken ashana a bakin taya, ya danna, ya ƙirga goma, ya koma ta gaba. Yakan ce kwalta mai zafi da taya mai ƙoshi, makara ce ta uku.

Ta ce, "To, Abban Walida."

Na san wannan "to" ɗin. Shekara tara ina jin sa.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Masu babura sun cika ƙarƙashin gada suna jiran ruwa ya tsaya, kamar kaji a gindin rumbu. Ni na wuce. Wanda ya tuƙa a ruwan Agusta ta Kurna ba wannan ne zai tsayar da shi ba.

Talata, 15 ga Afrilu

Walida tana lafiya. Ba zan iya rubuta fiye da haka ba yau.

Laraba, 16 ga Afrilu

Bari in rubuta yadda ya faru kafin zuciyata ta fara yi mini kwaskwarima.

Ban yi gudu ba. Wannan ko a gaban alƙali zan faɗa. Sittin, wataƙila da ɗan ɗori. Mun sauko daga babban titi, kwanar nan da ke shiga ƙarƙashin gada, ruwa na zuba har waifa ba ta iya da shi. Sai na ji sitiyari ya yi sakayau a hannuna kamar an zare shi daga motar. Na juya, ba ta juya ba. Na taka birki, bayanta ya zagayo. Ta gefe muke tafiya, ina kallon mutanen da ke fake a ƙarƙashin gadar ta tagar hagu, sun kai goma. Akwai wata mata da rigar ruwa ɗorawa da akwatin kai abinci a bayan babur ɗinta. Ita nake gani har yanzu.

Ƙarfen gefen titi ne ya tare mu. Tsakanin motar da babur ɗin matar bai kai kamu ɗaya ba.

Walida ta bugi gilashi da goshi, ya yi ƙulu. Ba ta yi kuka ba. Da Turanci ta tambaye ni ko mun mutu ne, a hankali, kamar mai tambayar ƙarfe nawa. Shekararta bakwai.

Mutanen suka fito cikin ruwa suka tura motar gefe. Wani dattijo ya leƙo yana tambayar yarinyar, matar nan ta ciro ƙanƙara daga akwatinta ta naɗe a leda ta ɗora mata a goshi. Ba wanda ya zage ni. Da sun zage ni da na san abin da zan yi da fuskata.

A gida Rufaida ta duba goshin, ta kai ta asibitin unguwa, aka ce ba komai. Da suka dawo ta ɗauki makullin daga ƙusa ta jefa a jakarta. Na ce ai motata ce.

"Motar taka ce. Yarinyar tamu ce."

Ba ta ɗaga murya ba. Daga yau ita za ta riƙa ɗauko ta.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na roƙi makullin na kai motar kedai ɗin Hafiz mai taya, wato shagonsa. Ya sa ma'auni a ta farko, ya cire, ya sake sawa. Ashirin. Ta biyu sha tara. Ya zagaye duka huɗun, ya buɗe ƙofa ya nuna mini lambar da yatsa: talatin da biyu. Ya tambaye ni ko ƙusa na taka da duka huɗun. Na ce wataƙila.

Ƙarya na yi wa mutumin da ke ƙoƙarin taimakona. A rubuta wannan ma.

Ya yi mini bayani da tafin hannunsa, ya lanƙwasa shi: taya in ta yi laushi tsakiyarta ba ta danne ƙasa sosai, ruwa ya shige ƙarƙashi, mota ta koma kwalekwale. Ya ce a wannan watan ba ranar da ba ya ganin irinta. Ya cika su, ya buga ta gaba da ƙafa, ya ce yanzu boleh, wato ta yi daidai.

Ni mai nazarin ƙarfin ƙasa da ruwa. Babi na huɗu kaf a kan yadda ruwa ke shiga tsakanin abu biyu ne.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Na kira Yaya Ubale. Shi ya yi wa Baba yaron mota kafin ya samu tasa. Ban gaya masa hatsarin ba, na dai kawo hirar tsinken ashana kamar wasa. Ya yi dariya har da tari.

"Kai Abdulbaƙi, ai masu facin tasha ne ba su da kai. Hamsin suke durawa, wani har da biyar. Baba ragewa yake ta dawo wajen arba'in, ga fasinja tara ga buhuna. Akwai ɗan ma'auninsa a aljihun gaba, ka manta?"

Ban manta ba. Ban taɓa sani ba. Ni tsinken na gani da ƙirgen, daga inda nake zaune a kan benci da rake a hannu.

Ashe Baba bai yi kuskure ba. Na so a ce ya yi, da mun raba laifin, tunda shi ba ya nan balle ya musa.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Ƙarfe huɗu ina ɗakin karatu ina kallon ruwa ta taga. Ban karanta layi ɗaya ba.

Litinin, 28 ga Afrilu

Suna dawowa suna dariyar wani abu da ya faru a hanya. Na tambaya, Walida ta ce ba zan gane ba, sai wanda yake wurin. Ƙulun ya baje, saura ɗan kore-kore.

Rufaida tana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti. Minti hamsin take yi a tafiyar rabin sa'a, in ruwa ya yi ƙarfi ta tsaya gaba ɗaya. Na so in yi magana. Me zan ce? Kwana goma sha uku tana kawo ta gida ba ƙwarzane.

Ba ta taɓa ce mini "na gaya maka" ba. Ko sau ɗaya. Ban san ko tausayi ne ko horo ba. Ban gaya mata abin da Hafiz ya auna ba, amma na ga ta tsaya tana kallon tayoyin ranar da na dawo da motar.

Talata, 6 ga Mayu

Rufaida ta tashi da zazzaɓi. Bayan azahar ta ajiye makullin a kan tebur kusa da kofina, ta ce ƙarfe huɗu suke tashi. Kamar ban sani ba.

Na biya gidan mai na duba iska kafin in tafi. A kan hanya yake, ba wani abu ba.

Mun baro makaranta ke nan ruwa ya sauko. Walida ta yi shiru a baya, na hango ta a madubi ta riƙe bel da hannu biyu. Da ba ta yin haka. Da surutu take yi har in ce ta bar ni in ji titi.

Na shiga gidan man da ke kafin kwanar. Ta ce me ya faru, na ce ruwan sha zan saya. Na sayo, na sayo mata masara a kofi. Muka zauna a mota gilashi ya yi hazo, tana zana kyanwa da yatsa, ta ba ni labarin wata Afnan a ajinsu da ta zo da haƙorinta a cikin akwatin fensir. Labarin ba kai ba gindi. Minti arba'in da biyar. Sai da masu babura suka fara fita na tayar.

A gida Rufaida na kwance a falo da bargo. Ba ni ta tambaya ba, yarinyar ta tambaya me ya tsayar da mu.

"Abba ne yake jin ƙishirwa."

Ta dube ni, ta dubi gorar ruwan da ke hannuna, ko buɗe ta ban yi ba. Ta ja bargo ta juya wa bango.

Ta ce gobe ma ƙarfe huɗu.