Gawayin Dabino da Kuskuren Shef

Yaya Kubura,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar Inna? Ya yara?

Ni ƙalau nake, in ban da ɓacin rai. Wata bakwai ina auna yadda iskar gas ke manne wa gawayin ƙwallon dabinon garin Tit. Awona ya ƙi dacewa da lissafin shef ɗinmu, wato shugaban sashenmu, sai ya ce ban iya aiki ba, zai cire sunana daga rahoton binciken. Jiya na gano matsin iskar bakin teku ya sa a lissafin, alhali Tamanrasset, inda muke aikin, bisa tudu take, matsin iskarta bai kai haka ba! Na nuna masa, ya ce, "Madam, mu rufa wa juna asiri."

Na yi tunani, Yaya. Gawayi bai san mai muƙami ba, abin da ya riƙe shi ya riƙe. Na kai wa kwamitin da ke kula da bincikenmu takardun.

Ki turo mini daddawa, ki sa ni a addu'a. In an sallame ni, a share mini ɗakina.

Ƙanwarki,
Salima