Kalmar da Ta Rage wa Baba

Litinin, 2 ga Yuni

Yau kwana goma sha ɗaya da faɗuwar Baba a shago. An sallame mu daga asibiti. Hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, baki ya ɗan karkace. Magana kuwa ta tafi gaba ɗaya, kalma ɗaya ce ta rage masa: “To.”

Likita ta ce in riƙa rubuta duk sabuwar kalmar da ya faɗa, da ranar da ya faɗe ta. Shi ya sa na sayi wannan littafi. Rubutuna sai a hankali, a aji huɗu na tsaya, amma ai ba mai karantawa.

Sabuwar kalma yau: babu.

Laraba, 4 ga Yuni

Babu.

Inna ta ce, “Mutumin da dama can magana ba ta dame shi ba. Shekara talatin ‘to’ nake ci, ‘to’ nake sha, sai yau za ku ce mini ciwo ne?” Ta yi dariya, ta shige kicin. Ta daɗe ba ta fito ba.

Asabar, 7 ga Yuni

Na buɗe shago. Kekunan ɗinki bakwai ne ke jiran gyara, kowane da sunan mai shi a ɗan ƙyalle, da rubutun Baba.

Shekarata shida a ƙarƙashinsa. Ni ke kwancewa, in wanke, in sa mai, in canza abin da ya ci, in haɗa. Amma saitin ƙarshe nasa ne. Yakan sa tsumma a ƙarƙashin allura, ya juya keken, ya rufe ido, ya kara kunne. Sai ya taɓa wani ɗan ƙusa kaɗan, shi ke nan, keke ya koma kamar sabo. In na ce ya nuna mini, sai ya ce, “Kunnenka bai nuna ba tukuna.” Ni kuma na yi ta jira. Ai ban san akwai gaggawa ba.

Teloli uku sun zo yau. Kowa ya leƙa bayana kamar Baba na ɓoye a can. Sun yi masa addu’a, biyu sun ɗauki kekunansu ba gyara.

Talata, 10 ga Yuni

Yaya ya kira daga garin da yake aiki. Ya samo mini gurbi a sito inda yake, za su riƙe mini har ƙarshen Yuli.

“Auta, kar mu yaudari kanmu. Baba ne shagon nan. Ba shi, ba shago.”

Na ce idan maganarsa ta dawo zai koya mini abin da ya rage.

“In ba ta dawo ba fa?”

Ba mugunta ba ce, Yaya tsoro yake ji, shi kuma tsoronsa da faɗa yake fita.

Juma’a, 13 ga Yuni

Babu sabuwa. Amma na lura tsohuwar kalmar, “to” ɗin nan, ba guda ɗaya ba ce.

Akwai gajere, kamar an tsinke zare da haƙori. Wannan “na ji, ya isa” ne. Akwai mai tsawo da ke hawa sama, yana tambaya ke nan: sai me ya faru? In Inna ta kawo magani, akwai wani da ke fitowa ta hanci, wanda da a ce yaro ne ya yi shi da ya sha mari. Da na juya shi a gado na buge masa kafaɗa, ya yi wani a hankali, yana kallona. Wai kar in damu.

Na gaya wa Inna. Ta ce, “Huɗu kawai ka gano? Zauna dai.”

Alhamis, 19 ga Yuni

Dabara ta zo mini. Tunda kunnensa lafiya lau, me zai hana in kai masa aikin? Na ari baro a wurin mai sayar da siminti, na ɗora kan keke ɗaya, na turo har gida. Na aza shi a kujera kusa da gadonsa, na sa tsumma, na juya da hannu.

Ya rufe ido. Wallahi fuskar shago ce ta dawo masa.

Ya yi na hancin nan. Na sassauta zaren sama. Ya sake yi. Na ɗan ƙara. Sai ya yi gajeren.

Mai keken ya karɓa da yamma, ya gwada, ya ce, “A’a, tsohon ya warke ne?”

Na ce da sauƙi.

Lahadi, 22 ga Yuni

Keke huɗu cikin kwana uku. Kafaɗuna sun san da zaman baro.

Laraba, 25 ga Yuni

Ranar asibiti, wurin motsa jiki. Mun daɗe a benci, na samu abin kallo. Ashe irin Baba suna da yawa, kuma ba duka yarenmu suke ji ba. Wani dattijo sunan matarsa kaɗai ya rage masa, da shi yake kiran kowa, har mai shara. Wata tsohuwa kuma ’yarta ta raɗa mini cewa kalmar da ta rage mata zagi ne a yarensu. Da shi take gaida likita, da shi take godiya, tana murmushi. ’Yar ta ce, “Da farko kunya nake ji. Yanzu in ta zage ni da safe, na san ta kwana lafiya.”

Na ce mu dai mun yi sa’a da tamu.

Likita ta tambaya ko an samu sabuwa. Na nuna mata littafi. Ta ce a ci gaba da haƙuri. Ba ta kalle ni ba da ta faɗa.

Litinin, 30 ga Yuni

Wata mata ta kawo keke. Baƙuwa ce, ba ta daɗe a unguwa ba, labule take ɗinkawa a ɗan shago bayan tasha, har yara sun sa mata Mai Labule. Hausarta ba ta fi cikin cokali ba. Ta nuna mini wani yankin yadi: ɗinki na tafiya, sai ya tsallake, ya sake tafiya, ya sake tsallakewa. Ta nuna yatsu goma, ta nuna kalanda. Aiki ne babba a hannunta, kwana goma aka ba ta.

Ita ma tana da wata ’yar kalma a yarensu. Da ita ta yi sallama, da ita ta nuna ɓacin rai kan keken, da ita ta tafi. Sau uku na gwada rubuta ta ina gogewa, ban san harufan da za su ɗauke ta ba.

Alhamis, 3 ga Yuli

Na wanke, na canza allura, na kai wa Baba. Ya saurara, ya yi gajeren. Na kai mata da murnata.

Ko awa biyu ba a yi ba ta dawo da shi a ka. Yana tsallake.

Asabar, 5 ga Yuli

Na sake kwance shi har ciki, na haɗa, na turo gida. Mai Labule ta biyo ni, ta ƙi yarda keken ya bar idonta.

Da ta ga Baba a gado sai ta ajiye jakarta, ta durƙusa, ta faɗi kalmar nan tata, a hankali, ta ja ta. Baba ya ce, “To.” Ta sake faɗi da wata murya. Ya amsa da mai hawa sama. Ta nuna ƙirjinta, ta nuna nesa, ta kwantar da hannunta ɗaya kamar matacce. Na gane: tana da nata mai irin wannan ciwon a can inda ta fito. Sun fi minti goma a haka, ita da tata, shi da tasa, ba wanda ya nemi tafinta.

Inna daga bakin ƙofa ta ce, “Ka ga mutumin, ni shekara talatin bai taɓa yi mini doguwar hira irin wannan ba.”

An juya keke. Ya sake yin gajeren. Wato lafiya lau. To ina matsalar take?

Litinin, 7 ga Yuli

Ta dawo da shi. Saura mata kwana uku. Ko kalmar nan tata ba ta faɗa ba. Telan da ke kusa da mu yana kallo, gobe duk layin sun ji.

Na turo baro gida a karo na uku, rai a ɓace. Na aza, na sa tsumma. Kafin in juya, Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya toshe kunne. Ya juya fuska bango.

Na ce, “Baba, don Allah. Sau ɗaya kawai.”

Ko “to” babu.

Inna ta ce, “Malam, ɗaya kunnen fa? A buɗe ka bar shi.” Bai yi dariya ba, ni ma haka.

Na fita waje na zauna a kan baro. Ban taɓa jin haushinsa ba sai yau. Shekara shida ka hana ni, yanzu kuma da nake roƙo... Bari in bar rubutun nan haka.

Talata, 8 ga Yuli

Da safe na ɗauki keken, ba gida ba, ba shagonmu ba, na kai shi shagonta. Ban san abin da zan yi ba. Na dai ɗora mata shi a kan ƙafarsa, na yi mata alama ta yi ɗinki in gani. Na ja benci na zauna.

Yadin labulenta mai kauri ne, ninki uku a baki. Na ƙyale kunne, na zuba wa hannuwanta ido. Na dama yana turawa. Na hagu kuwa yana bayan allura, yana ja. Kaɗan-kaɗan, ita kanta ba ta san tana yi ba. Duk inda ta ja, allura ta ɗan lanƙwasa, nan ɗinki ke tsallakewa.

Me ya sa take ja? Na ɗaga yadin. Haƙoran da ke tafiyar da yadi sun yi ƙasa, sun dakushe. Tsummanmu mara nauyi suna jansa ba gardama, shi ya sa a gaban Baba keke ke waƙa. Yadinta ne suka kasa, ita kuma take taimaka musu.

Na ɗaga haƙoran kaɗan, na ƙara wa ƙarfen da ke danne yadi nauyi, na sa allura mai kauri. Na kama hannunta na hagu ta gefen riga na ajiye shi a cinyarta. Ta harare ni. Ta taka.

Tun daga wannan baki har wancan, ba tsallake ko ɗaya. Ta ɗaga labulen a haske tana bin layin da yatsa, tana ta faɗin kalmar, kala-kala, har da wadda ban taɓa ji ba.

Na mayar da sukudireba aljihu.

Laraba, 9 ga Yuli

Jiya ban iya gaya wa Baba ba, kunyar haushin da na ji ta hana ni. Yau ina shafa masa mai a ƙafa na ba shi labari, tun daga benci har haƙora. Ya yi ta yin mai hawa sama, ni kuma ina ƙarawa. Da na zo wurin hannunta na hagu, sai kafaɗarsa ta fara girgiza. Na tsorata. Ashe dariya ce.

Ban tambaye shi ko ya san haka tun farko ba. Ko na tambaya, amsar dai ita ce.

Talata, 15 ga Yuli

Mai Labule ta kai aikinta a kan lokaci. Ta turo mini mata biyu ’yan yarensu. Yanzu kafin in taɓa keke sai na ce mai shi ya zauna ya yi ɗinki da nasa yadin. Wani tela ya ce, “Ni za ka gyara ko keken?” Na ce duk wanda ya lalace.

Keke ɗaya ya dawo, zaren ƙasa na cukurkuɗewa. Kuskurena ne. Na gyara a gabansa.

Laraba, 23 ga Yuli

Asibiti. Ƙafar ta ɗan fara ɗauka, ya tsaya da sanda har na ƙirga ashirin. Likita ta ce, “Sabuwar kalma fa?” Sai da na buɗe littafin nan na duba, na ga rabon da in rubuta “babu” tun watan jiya. Na ce mata ba a samu ba. Ta fara ba ni haƙuri, ni kuma hankalina na kan wani keke da na bari a buɗe, kar ƙura ta shiga.

Yaya ya kira da yamma, wai saura mako ɗaya. Na ce ya bai wa wani, akwai masu nema.

“Maganar tasa ta dawo ne?”

Na ce a’a.

Can ya ce in miƙa wa Baba wayar. Na kara masa a kunne, na fita na ba su wuri. Gobe keke uku ne, ɗaya na wani tela mai gardama. Sai na fita da wuri.