Ruwan Desmond

Yaya Wendell,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali.

Makarantar su Desmond ta zubar da ruwan kwamin ninƙaya. Wai kwamitinku na gwamnatin jiha, mai duba kuɗin da gunduma ke biya wa yara masu buƙata ta musamman, ya ce ninƙaya ba karatu ba ce, kada a sake biya. Ka fi kowa sanin ɗan nan nawa, shekararsa tara bai taɓa buɗe baki ba sai a cikin ruwan nan. A nan ya fara cewa "Mama", kana tsaye a gefe kana share hawaye. Kana zaune aka yanke wannan hukunci? Ina jin haushinka, ba zan ɓoye maka ba.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Loretta

Zuwa ga ƙanwata Loretta,

Bayan gaisuwa da tambayar jikin Desmond. Ba na wurin. Ƙa'idarmu ce, duk mai ɗan'uwa a makarantar da ake bincika sai ya fita, don haka na jira a baranda. Ki kuma sani, shugaban makarantar ya cusa kuɗin motarsa da albashin surukinsa a cikin kuɗin kwamin nan. Harajin talakawa ne, ba za mu zuba ido ba. Ki ɗaukaka ƙara, za a saurare ki baɗi.

Allah ya ba mu haƙuri.
Yayanki, Wendell Pruitt

Yaya,

Ina gaisuwa, tunda ta zama dole.

Sannu da bin ƙa'ida. Mutum ɗaya tak a ɗakin taron nan ya taɓa jin muryar Desmond, shi ne ya tashi ya fita. Shugaban kuwa jiya na gan shi a motar tasa, har da ɗaga mini hannu. Kun bar jaki kuna dukan taiki.

Baɗi, ka ce? Desmond ya daina kirana. Kullum da safe sai ya sa gajeren wandon wankansa a ƙarƙashin kayan makaranta, ya je ya tsaya a bakin busasshen ramin har a zo a janye shi. Ka karanta musu wannan, in kana da baki.

Sai wata rana.
Loretta

Loretta,

Ina gaishe ku. Yau na miƙe a gaban kwamiti na fara karanta musu wasiƙarki. Ina zuwa kan sunan Desmond suka ce in fita.

Ki yafe mini.
Wendell