Bidiyoyin da Kake Turo wa Umma

Zuwa ga Yaya Auwalu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya a can ƙasar da aiki ya kai ka. Na rubuto maka a nan inda kowa zai gani ne, saboda in na kira sai ka ce kana wurin aiki, amma na lura ba abin da ke wuce ka a waya.

Maganar ciwon sukarin Umma ce.

Yaya, ka san mutumin nan mai farar riga da kake turo mana bidiyonsa a guruf ɗin gida? Ni dai ban yarda da shi ba. Ya rataya abin awon likita a wuya, amma bai taɓa faɗin asibitin da yake aiki ba. Da salati yake farawa, da lambar waya yake ƙarewa. Rannan a cikin bas, ina dawowa Kubwa daga Wuse, na leƙa wayar matar da ke kusa da ni, sai ga shi da rigar nan tasa yana tallan maganin sanƙo. Har yanzu kuwa kansa ƙwal yake.

Shi ne ya ce a sha ruwan shuwaka da zuma safe da yamma, wai zuma ba ta tayar da sukari. Ya ce ƙwayar asibiti ce ke kashe ƙoda, a jefar da ita. Na tabbata ba ka kalla har ƙarshe ba. Ka ga an rubuta maganin sukari, ka tuna da Umma, ka danna.

Ita kuwa har ƙarshe take kallo, ta kuma maimaita.

Ka san halinta da kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunanka ba. In ka bugo, daga "lafiya lau" sai ta miƙo min wayar. To bidiyoyin nan su ne hirar da ba ta iya yi da kai. Na ji ta tana gaya wa maƙwabciyarmu Maman Ladi, muryarta ƙasa-ƙasa, "Wancan ɗin ne ya aiko, yana tunawa da ni."

Ashe ta daɗe da daina shan maganinta. Takan karɓa a hannuna kafin in fita aiki, in na juya baya ta zuba a tsohon gwangwanin madara. Ni da nake cika baki cewa ba mai yi min wayo, sai da ƙishirwa ta dame ta, ta kasa zura zare a allura, sannan na farga. Akwai kuma ɗan ciwo a babban yatsan ƙafarta da ya ƙi warkewa.

Da muka je asibiti, likitar ta duba ƙafar sosai. Ta ce in ba a koma kan magani yanzu ba, yatsan na iya tafiya, wataƙila ma ya wuce yatsa. Ta tambayi Umma wanda ya ce ta daina. Umma ta sunkuyar da kai, ta ƙi tona ka.

Mun dawo gida, ta sake jiƙa shuwaka.

Na yi fushi da kai, ba zan ɓoye ba. Amma na san ƙauna ce ta sa, kuma nisa ne ya hana ka ganin ƙafar. Tsoro nake ji, Yaya. Na roƙa, na yi kuka, Maman Ladi ta yi nata, duk a banza.

Abu ɗaya nake nema. Kada ka turo wani bidiyon da ke ƙaryata wancan, na gaji da baƙin fuskoki. Ka ɗauki muryarka, ka gaishe ta, ka ce mata kai ne kake roƙon ta sha maganin asibiti. Ba za ta amsa maka ba, amma za ta sha. Ni take gani kullum, kai take ji.

Allah Ya ba Umma lafiya, Ya bar mata ƙafarta ta taka ta tarye ka ranar da za ka dawo. Ya tsare mu daga masu cin abinci da ciwon mutane. Amin.

Ƙanwarka mai jiran saƙonka yau,
Hadiza, Kubwa.